Littafin da Afiniki Ta Kasa Gamawa

"Kin gama shi?" Rufus ya tambaya tun bai jingine kekensa ba.

Afiniki ta ci gaba da shanya citta a ƙofar gidansu na Kagoma. Shekara biyu ke nan da Rufus, malamin firamare a Kafanchan, ya kai gaisuwar aurenta. Bana ya buga littafi, labarin wani birni a ƙarƙashin dutse inda tsuntsaye ke yanke shari'a. Masana a Zariya sun yaba, har jarida ta buga hotonsa.

"Na tsaya a tsakiya, Malam."

"Tsakiya?! Afi tawa, waɗanda ba su san ni ba sun karanta sau biyu!"

"Hausarka da daɗi, kowace kalma ta zauna. Amma na kai inda sojan nan ya mutu, uwarsa ta ɗiga masa ruwan tafki, ya tashi yana dariya..."

"Nan ne kowa ya fi yabo!"

"Mama nake karanta wa."

Rufus ya san Eli, yayan Afiniki, ya tafi yaƙin basasa, ko gawarsa ba a kawo ba.

"Kwana uku ba ta ci abinci ba," in ji Afiniki. "Ta ce in tambaye ka inda tafkin yake. Me zan ce mata?"

"Haba, zuciyata, labari ne kawai!"

"A wurinka. Mu namu bai tashi ba."

Fuskarsa ta ɗaure. "Matsalar, ba ku saba da irin wannan karatu ba. An ba ni aiki a Zariya. A ɗaura aure mu tafi, idonki zai buɗe."

"Mama fa? Wa ya rage mata?"

"To, ki zaɓa!"

Ta dube shi, mutumin da take ƙauna tun suna ƙungiyar mawaƙan majami'a. Ta jira ya ce a gaishe da Mama. Bai ce ba.

Ran Asabar ya hau jirgin ƙasa, ba ta je tasha ba. Da damina labari ya iso cewa ya auri Mildred, wadda ta rubuta yabonsa a jarida.

Afiniki ta dama wa Mama kunun acca, ta zauna har ta ga ta shanye. Sannan ta zagaya bayan rumbu, ta toshe baki da gefen zaninta, ta yi kukanta.