Aron Hannun Hagu

Cikin daminar 1994, Safiyanu yana rumfarsa ta gyaran rediyo a bakin tashar Potiskum, kansa a duƙe, sai wata budurwa ta tsaya a gabansa rungume da wani dogon abu naɗe cikin zani.

"Sannu da aiki. An ce kana gyara komai."

"Komai mai magana," in ji shi, bai ɗago ba.

Ta warware zanin. Jita ce, ɗaya daga cikin kunnuwan da ake ɗaure waya da su ya karye.

"Malama, wannan ai ba rediyo ba ce."

"Na sani, Injiniya. Kafinta ya ce aikin maƙeri ne, maƙeri ya ce a'uzu billahi. Kai kaɗai ka rage."

Nan ya ɗago, ya manta da abin da ke hannunsa har dalma ta ɗiga masa a wando. Ta yi dariya, ta kuma yi wa Hausarsa ta mutanen Gadaka dariya da ya ce ta dawo jibi. Sunanta Rahama, tana koyarwa a firamare a unguwarsu ta Hausari. Jitar ta yayanta ce, Babaji.

Ya gyara kunnen da kusar wata matacciyar rediyo, ya kai har gida da kansa, don kawai ya sake ganin ta.

Ɗakin Babaji yana jikin zaure. Soja ne, ya dawo daga yaƙin Laberiya bara, ya baro hannun hagunsa a can tun daga kafaɗa, ya taho da ɓaraguzan ƙarfe a ƙirji. Mahaifinsu, Alhaji Maigandi, babban mai fataucin shanu ne, asalinsu Kano. Tun da ɗan ya dawo bai taɓa shiga ɗakin ba. Yakan tsaya daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Ya jiki?" ya wuce.

Babaji ya ɗora jitar a cinya, ya shafa wayoyin da hannun dama, ya dubi wuyanta inda babu mai riƙewa.

"Kai, zo nan. Zauna ta hagu na. Matso, ba cizo nake ba. Ara min hannunka."

Safiyanu ya zauna a benci, kafaɗarsa ta dama ta haɗu da dungulmin. Babaji ya nuna masa inda zai danna da yatsu biyu, shi kuma ya kaɗa. Sauti ya fito a shaƙe, kamar akuya ta haɗiyi leda. Rahama tana bakin ƙofa, ta toshe baki. Babaji ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi.

Daga baya ta gaya wa Safiyanu cewa wata goma sha huɗu rabon da ta ji wannan dariyar.

Kullum bayan la'asar sai ya rufe rumfa ya zo. Babaji yana kiran sa Kurtu, yana kiran kowane dannawa kamu. Akwai kamun Si, da na Di, da na Ji, kuma a kan na Ji suka fi yin faɗa. Safiyanu ya gano yana iya kama shi da manuni da na tsakiya da na zobe, ya fita tsaf ba wahala.

"Cire manunin nan," in ji Babaji. "Na tsakiya, na zobe, ɗan auta."

"Yaya, ɗan autan ba ya da ƙarfi. Ga shi nawa ya fi fita."

"Ya fita, sai kuma ina? Daga nan Si za mu. In manuninka yana can sama, sai ka kwashe duk yatsunka ka sake zubawa, ni kuma hannuna ba ya jiran kowa. Bar shi a sake, ya tsaya kusa da inda za a buƙace shi."

Sati uku ɗan autan yana zubar da jini, sannan ya yi kanta.

Rahama takan kawo musu shayi ta zauna a tabarma tana duba littattafan ɗalibanta. Wata rana Babaji ya fita alwala, ta ce, "Mu ga hannun."

Ya miƙa. Ba ta taɓa ba, ta dai duba.

"Injiniya, wa kake wa wannan wahalar? Shi ko ni?"

"Da farko ke ce, Malamata."

"Yanzu fa?"

"Yanzu in ban zo ba, sai in ji kamar na bar mutum a tsakiyar titi."

Ta sunkuyar da kai. "To ka turo manyanka, kafin wani ya riga ka."

Wanin shi ne Hussain, ɗan ƙanen Alhaji, mai motocin ɗaukar shanu a Damagum. Shi ya je ya gaya wa Alhaji cewa mai neman 'yarsa makaɗi ne. Da iyayen Safiyanu suka zo daga Gadaka, Alhaji ya karɓe su da mutunci, sannan ya sa aka kira yaron shi kaɗai.

"Ban same ka da sata ba, ban same ka da wasa da salla ba. Amma jitar nan ita ta fara fitar min da ɗa daga gida. Ita ta haɗa shi da 'yan bariki, daga bariki sai yaƙi. Ka ga abin da aka dawo min da shi. Ba zan haɗa jini da makaɗi ba. Ka rantse da Allah ba za ka ƙara taɓa ta ba, in ba ka Rahama."

Safiyanu ya rantse. Bai yi ko jinkirin numfashi ɗaya ba. Daga baya wannan saurin ne ya fi cin sa, don a lokacin da bakinsa ke furta sunan Allah, Rahama kaɗai yake gani. Mutumin da ke bayan bangon, wanda ƙila ma yana jin su, bai faɗo masa a rai ba sai da ya fito titi.

Aka sa rana bayan babbar salla.

Safiyanu ya so ya riƙa zuwa gaishe da Babaji kawai. Sau ɗaya ya gwada. Babaji ya amsa masa da fara'a, ya yi masa murna, jitar tana jingine a tsakaninsu, duk suna kau da ido daga gare ta. Bai iya komawa ba. Idan ya zo zance wurin Rahama sai ya bi ta gefe ya wuce ƙofar ɗakin da sauri. Ita ma hirarta ta ragu. Ya tambaye ta ko ya yi laifi, ta ce a'a, ai don ita ya yi.

Kantar yatsunsa ta fara ɓarewa.

A sati na bakwai ta kawo rediyon gidansu gyara, ta ajiye ta tafi. Rediyon lafiyarta ƙalau. A gidan batir ya sami takarda.

"Injiniyana,

Yaya ya daina cin komai sai kunu. Likita ya ce ƙarfen ƙirjinsa ya motsa, ba abin da za su iya. Yaya bai ambaci sunanka ba ko sau ɗaya, wannan ya fi ba ni tsoro. Jiya na same shi da jitar a cinya yana kaɗa wayoyin haka nan ba kamu, sauti ɗaya yana ta maimaitawa, har na gudu bayan gida na yi kuka.

Ban ce ka zo ba. In ka zo na rasa ka. In ba ka zo ba, ban san da wane ido zan riƙa kallon ka a ɗakinmu ba, ko da wane zan kalli kaina.

Taka har kullum,
Rahama."

Ya karanta ta har takardar ta yi laushi. Ya je wurin limamin masallacin tasha ya faɗa masa komai. Liman ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, yana iya warwarewa ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. "Wannan tsakaninka da Allah ke nan. Mutumin da ka yi wa alkawari kuwa, ba ni da maganinsa."

Zai iya zuwa a ɓoye. Alhaji yana wuni a kara wurin shanu, ba ya dawowa sai magariba. Safiyanu ya juya wannan a ransa kwana biyu, ya ga in ya yi haka ya ƙara yaudara a kan karya alkawari. Ya tafi kara, ya sami Alhaji a ƙarƙashin rumfa, ya durƙusa cikin taɓo da kashin shanu.

"Baba, na zo in gaya maka zan karya rantsuwata. Yau zan koma wurin Yaya Babaji."

Alhaji ya daɗe yana kallon sa.

"Ka san abin da ka ajiye?"

"Na sani."

"Ɗakin ɗana ba kurkuku ba ne, ba zan hana ka shiga ba. Rahama kuma ba zan yi mata dole a kan kowa ba. Amma kai, ka cire rai. Gobe zan mayar wa iyayenka kayansu."

Kafin ya wuce Hausari ya rubuta layi uku ya sa a gidan batir, ya aika mata da rediyon.

"Malamata, na zaɓa, kuma ba don ban son ki ba. Ki yafe min sau biyu, na barin sa da na barin ki. Naki, Safiyanu."

Babaji ya rame har benci ya yi masa yawa. Ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kurtu. Ka gudu daga bakin aiki."

"Na dawo a hukunta ni, Yaya."

"Wawa. Ka zubar da ƙanwata saboda gawa?" Idonsa ya kawo ruwa. "Zauna. Mu ga ko ɗan autan ya manta."

Bai manta ba, amma fatar ta yi laushi, ta sake fashewa. Hannun Babaji ya daina sauri. Wani lokaci yakan kaɗa sau ɗaya ya tsaya yana haki, Safiyanu ya riƙe kamun har yatsunsa su yi rawa, don kada sautin ya mutu kafin mai shi ya gama saurare. Rahama ta daina shigowa, bin umarnin uba. Tana ajiye shayi a bakin ƙofa, kofi biyu. Hussain ya zo zance sau huɗu, ba ta fito ba.

Kwana goma sha tara suka yi a haka. Ranar Alhamis da hantsi Babaji ya rasu.

Alhaji ya ce shi zai wanke ɗansa. Ya shiga ɗakin, ya daɗe fiye da yadda wanka ke ɗauka. Safiyanu ya bi gawa har maƙabarta, ya zuba ƙasa, ya koma rumfarsa. Kayan aurensa suna Gadaka a ɗakin mahaifiyarsa, ba wanda ya kwance su.

Bayan kwana arba'in aka aiko Alhaji yana kira. Ya same shi a ɗakin Babaji, zaune a kan bencin.

"Ka yi kaffara?"

"Na yi, Baba."

"Har yanzu ina nan a kan ka karya min alkawari."

"Na karya."

"Wanda ya karya sau ɗaya zai iya karya na biyu."

"Zai iya."

Alhaji ya murza carbi ba tare da yana ja ba.

"Ni tun da nake ban taɓa karya rantsuwa ba. Ka tambaya a kara. Kusan shekara biyu yaron nan yana ɗakin nan, taku goma daga nawa, ban san yadda wurin da aka yanke yake ba sai ranar da na wanke shi. Ashe ya warke da kyau. Ɗan wuri ne haka. Kai kullum kafaɗarka tana jikinsa."

Alhaji ya gyara zama, ya ci gaba.

"Na tambayi Rahama. Ta ce in na hana, ta hanu, amma kada in tambaye ta wani. Ban ce ka yi daidai ba, ka ji ni da kyau. Ban san wanda ya yi daidai ba. Ka ce wa mutanenka su dawo da kayan."

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar da safe a ƙofar gidan, ba kiɗa ba guɗa, saboda makokin bai gama fita daga gidan ba. Hussain ya zo, ya ci goro, ya yi addu'a tare da kowa.

Da jama'a suka watse, Alhaji ya sa aka shigo da su biyun zaure. Rahama tana lulluɓe, tana kuka a hankali. Safiyanu ya durƙusa kusa da ita.

"Malamata," ya ce ƙasa-ƙasa, "ki bari haka."

"Ƙyale ni, Injiniya. Rabi naka ne, rabi nasa."

Alhaji ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya ɗora ɗayan a kan angon, ya dube su sosai, ɗaya bayan ɗaya.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Duk yadda suka dawo muku, Allah ya ba ku ikon kallon su."

Suka ce amin.