Kwamfutar da Aka Auna da Zare

Don Allah, don Annabi, duk wanda ya karanta wannan kada ya faɗi sunana. Ko kun gane ni, ku yi kamar ba ku gane ba. Ai labarin wata ce ma, ba nawa ba. Auta ake ce mata a gidansu.

Ran da abin ya fara, magariba ce kamar kowace. An kira salla, Baba ya fita masallaci, Umma tana kwashe shanya. A ɗakin 'yan mata kuwa Yaya ce zaune gaban sabuwar kwamfuta, haske ya wanke mata fuska, tana ƙwas-ƙwas da yatsu kamar tare aka haife su. Auta tana tsakar gida, a bayan taga, tana kallo.

Abin da ke cin Auta, ita ce ta zaɓo kwamfutar. Da Yaya ta ce karatunta ba zai yiwu ba sai da kwamfuta, Baba ya ce to, amma aljihu ba nauyi, ɗaki ba fili. Wuri ɗaya ne ya rage, wata 'yar kanta a jikin bango, inda Auta ke ajiye madubinta, inda take kifa kai ta yi ta ƙunƙuni in an ɓata mata rai. Aka ce ta kwashe kayanta. Ita ta auna kantar da zare, ta ƙulla, ta riƙe shi a hannu har shago.

Mai shago ya fara nuna musu wata gabjejiya, Yaya ta ce ita take so. Auta ta ɗora zare, ko rabinta bai kai ba. Sai ya ɗauko wata 'yar mitsitsiya, ba ta fi kwalin sukari biyu ba.

"Alhaji, wannan ba ta shan wuta, ba ta ƙara, kuɗinta da sauƙi. Ku rataye tsohuwar talabijin ɗinku a bango ku haɗa, ba sai kun sayi allo ba."

Auta ta ɗora zare, har da rara. Baba ya yi dariya ya ce, "Kun ga 'yar aji huɗu ta fi mu lissafi." Amma suna isa gida Yaya ta ce, "Kada in ga yatsanki a kai. Ke da rubuta sunanki ma sai kin haɗa gumi."

To wannan maganar ce ke tafasa a ƙirjinta a bayan tagar nan. Ta sunkuya ta ɗauki tsakuwa, ta jefa. Ba ta sami allon ba, bangon kantar ta daka.

Gida ya yi tsit. Ko kaji ba su motsa ba.

Sai ga tsakuwar ta dawo ta taga, a hankali, ta faɗi daidai kan ƙafarta. Da zafinta.

Tun daga ranar, rana na faɗuwa sai ruwan tsakuwa a kan kwano. A leƙa, ba kowa. Kwamfuta ta riƙa kunna kanta, ana jin ƙunƙuni daga kantar. Kowa ya ce ba ya gane abin da ake faɗa. Auta tana ganewa, don maganganunta ne na da ake maimaitawa. Ta daina cin abinci, ta kasa gaya wa kowa.

Rana ta bakwai, saura kwana uku jarrabawa, Yaya ta miƙe daga kujera ta zube, ido a kafe. Baba ya ruga ya kira malamin da ke ruƙiyya.

Malam ya zauna, ya ce a rufe ta da mayafi. Ya daɗe yana karatu, duhu yana shigowa ɗakin kaɗan-kaɗan. Can sai bakin Yaya ya buɗe, da muryar tsohuwa.

"Ya isa, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai kantar nan. Tun kafin a shafa wa bangon nan siminti nake nan. Aka tashe ni saboda akwatin da ko sallama bai iya ba. Kowa shi yake kallo, shi da wannan mai ɗaga hanci."

"Ta ina kika shige ta?"

"Hannu ne a gidan nan ya kira ni. Muddin bai janye ba, ina nan." Idon Yaya ya juyo a hankali, ya tsaya a kan Auta. "Amma a fasa akwatin, in tafi da bakina a rufe."

Baba bai tsaya tunani ba, ya ɗauko guduma. Malam ya ce, "Dakata, Alhaji, ciniki da su ba ya ƙarewa." Baba ya ce 'yarsa ta fi masa.

Auta ta dubi kwamfutar. In ta yi shiru, an fasa, asirinta ya rufu, Yaya ta rasa jarrabawa. Ba abin da take so ba ke nan? Sai ta hango zarenta a gefen kantar, da ƙullinsa.

"Baba, kada ka fasa. Ni ce na yi jifan farko. Ni ce. Na janye."

Umma ta dafe ƙirji. Muryar tsohuwar ta yi ƙasa, kamar mai shirin kuka.

"Ƙawata, ni da na sha ƙunƙuninki shekara da shekaru?"

"Kin ji dai," in ji Malam. "Ba ki da sauran abin ciniki. Fita."

"A bar mini rarar kantar."

"Ko faɗin zare."

Ya ci gaba da karatu. Yaya ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Tsakuwa ɗaya ta gangaro daga kan kwano, shi ke nan.

Baba bai doki Auta ba, da ma ya doke ta. Yaya ta yi kwana biyar ba ta ce mata uffan ba. Rana ta shida ta jawo kujera da ƙafa ta ce, "Zo nan, mai zare. Ɗora yatsa a nan. A'a, ba da ƙarfi ba, ba sakwara kike daka ba."

Yanzu bayan la'asar lokacin Auta ne. Da yatsa ɗaya take yi, amma tana yi. Sai dai wani lokaci, in rana ta kusa faɗuwa, a wannan rarar ta gefen kantar, sai ta ji kamar...

Wayyo, ga ƙarar takalmin Yaya, kuma ban iya ɓoye shafi ba tukuna, bari in