Mai Rufe Ƙofar Ruwa

Kwana da kwanaki ke nan ana rufe wa Safwan ƙofar ruwa cikin dare. Tumatirinsa na ta yaushi a gonarsa ta bayan Bunkure. Ya kai ƙara wajen shugaban manoma, aka ce ya yi haƙuri, kamar haƙuri ne zai shayar masa da gona.

Ran nan bayan isha'i ya ɗauki gora da tocila, ya laɓe a bakin kanal ɗin ban-ruwa yana huci. Can dare sai kwaɗi suka yi tsit. Iska ta kawo wani ƙarni mai gishiri-gishiri wanda bai taɓa ji a ruwan nan ba. Sai ga wani tsoho cikin fararen kaya, ya jiƙe sharkaf, yana murɗa ƙarfen ƙofar da hannu biyu.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Me na tare maka?"

"In na buɗe, jirgin zai nutse da mu duka," in ji tsohon.

Safwan ya haska shi. A ƙirjinsa ga lambar yabon nan mai tsaga a gefe, wadda aka ba marigayi mahaifinsa Mika'ilu, sojan ruwa, saboda wata ƙofa da ya rufe a cikin jirgi lokacin yaƙin basasa. Har ya rasu bai taɓa faɗin su wa ya bari a bayanta ba.

"Baba?"

"Matsa baya, Safwanu. Har yanzu ba su haƙura ba."

Sai Safwan ya ji daga ƙarƙashin ruwa ana bubbuga ƙofar da tafin hannu.