Idon Maigida Tsuruoka

Ƙarfe tara da kwata aka bugo waya ofishin 'yan sandan Niigata: an tsinci gawar tsoho Tsuruoka, mai ƙera haƙoran tangaram, a shagonsa.

Sufeto Kuramochi ya ture shinkafar da yake ci shi kaɗai a kan teburinsa, ya ɗauki laima.

Shagon ɗaki ɗaya ne a saman bene, kujeru biyu, taga ɗaya. Tsohon na kwance, ƙeyarsa ta bugi gefen tebur. Likitan 'yan sanda ya ce tsakanin shida da takwas na safe ya cika.

Matar da ta buga wayar, Hayase Mitsue, tana tsaye jikin bango. Shekara talatin da ɗaya tana aiki a ƙarƙashinsa.

"Ƙarfe nawa kika zo?"

"Tara, Yallaɓai. Kamar kullum."

Kuramochi ya kai hannu kusa da tandar gasa haƙori. Da sauran ɗumi. Agogon tandar ya nuna an kunna ta bakwai saura. A ciki akwai haƙorin gaba guda ɗaya.

"Wa ya gasa wannan?"

"Maigida mana. Ni goge-goge kawai nake."

Takardar aikin na ɗauke da sunan Likita Anzai, likitan haƙori, don haka can Sufeto ya nufa. Likitan ya ciro allon launuka, jerin haƙoran gwaji daga fari tas zuwa mai duhu, kowanne da lambarsa. Ya kara haƙorin kusa da A3 a hasken taga, ya yi fito.

"Ka gani? Ko uwar mai haƙorin ba za ta gane na aro ba ne. Tsohon nan, shekara saba'in da huɗu, amma idonsa ya fi na jikana."

"Bai taɓa kuskure ba?"

"Ya yi wata biyu yana aiko mana shirme, shekara shida ke nan. Daga baya ya dawo daidai."

Da rana Kuramochi ya buɗe walat ɗin mamacin a ofis. Babu hoton kowa a ciki, sai katin asibitin ido. Ya buga waya. Likitar ta ce yanar ido ta rufe idanun tsohon biyu tun shekara shida, ya ƙi yarda a yi masa aiki. Ba zai iya bambance A2 da A3 ba ko da za a yanka shi.

Sufeto ya koma shagon. Ya tarar da Hayase zaune a kujerarta, ruwa na dukan taga.

"Malama Hayase, idon da ya haɗa launin nan lafiyarsa ƙalau. Na maigidanki kuwa ya mutu tuntuni. Ƙarfe nawa kika zo?"

Ta kalli hannuwanta.

"Shida. Kullum shida nake zuwa. In kankare abin da ya yi jiya, in sake shafa launin, in gasa, in mayar inda ya ajiye. Sai in fita in dawo tara."

"Bai sani ba?"

"Sai yau da safe. Ya zo da wuri, ya same ni. Ya ce shekara shida ina mai da shi abin dariya. Ya ce in ajiye makulli in fita. Ya kama ni zai fitar da ni, na ture shi. Sau ɗaya, Yallaɓai."

"Me ya hana ki kira asibiti?"

"Na taɓa wuyansa, babu rai. Na zauna kusa da shi har tara. Ban san inda zan je ba."

Kuramochi ya duba ankwar da ke aljihunsa, ya bar ta a ciki. Ya riƙe mata ƙofa suka sauka.

A mota ya ciro biro da takarda.

"Doka ta ce mu sanar da wani naki. Wa zan kira?"

Ta yi tunani har suka wuce gada.

"Da yana da rai, shi zan ce a kira," in ji ta.