Mai Shaƙe Ɓeraye

Ranar da sabon likitan dabbobi ya fara aiki a ɗakin bincike, ya tarar da wata budurwa ta harɗe hannu tana kallon ɓera a kwance, numfashinsa ya ɗauke. Bai yi wata-wata ba ya danna wa ɓeran ƙirji.

"Sannu gwani!" ta ce, tana masa kallon hadarin kaji. "Da gangan na ɗiga masa ruwa a maƙogwaro, in ga yadda jiki ke dawo da numfashi da kansa. Ka ɓata min aiki."

Tun daga nan ta laƙaba masa Sarkin Gaggawa, shi kuwa ya faɗa sonta har wuya.

"Hasken idona, kin ci abinci ko ɓerayen sun riga ki?" ya tura mata saƙo a waya.

"Sun riga ni, Gaggawana. Kawo naka mu raba."

Sai ga ƙanwar mamarsa, uwar iyayi, wadda ta tanadar masa 'yar ƙawarta. Ta leƙa ta tagar ɗakin binciken sau ɗaya, ta garzaya gida wurin mamarsa.

"Yaya, dabba na mutuwa tana tsaye ƙiƙam! Ranar da ɗanki ya shiɗe haka za ta yi masa."

Kai jama'a! Matar da ko kyanwa ta gifta sai ta jefe ta da takalmi, yau ita ce uwar tausayi. Tir!

Mama ta ce ba da yawunta ba, ba ta haɗa zuri'a da mai shaƙe ɓeraye. Da kyar ya lallaɓa ta ta zo ta gani da idonta.

Ta shigo tana yatsina, hanci a toshe. Aka ɗiga ruwan, ƙirjin ɓeran ya tsaya cak. Likita sai zufa yake, ya san aurensa ne kwance a teburin nan. Can ɓeran ya ja wani dogon numfashi. Budurwar ta sauke ajiyar zuciya, yatsanta na kan maɓallin na'urar taimakon numfashi.

Mama ta daɗe tana kallonta.

"Yarinya, ke ma ba ki numfasa ba tun ɗazu."

"Kullum haka nake, Mama. Na kasa sabawa."

Ranar ɗaurin aure ƙanwar nan ta fi kowa cika faranti, ba kunya. Mama kuwa ta riƙe hannun amarya gam.

"Na ba ki amanarsa, 'yata. Allah ya yi muku albarka."