Amarya Babu Lalle a Hannu

Kai mai karatu, sau nawa ka wuce magudanar Challawa ka toshe hanci, ka kau da kai? To a bakin wannan ruwan Shu'aibu ya fara ganin Sauda.

Yana tsugune yana cika kwalba, ita tana jiran ruwan ya rage ja ta wanke alayyafon lambun mahaifinta.

"Malam, in ƙishi ne akwai randa a gida," ta ce tana dariya.

"Awo zan yi. A masaka nake, ɗakin gwaji."

Tun daga ranar kwalabensa suka daina cika da wuri.

Da ya tura magabata, mahaifinta Malam Isyaku ya ce atafau. "Ku da kuka mai da mana rafi ja yau, shuɗi gobe? Ba na ba ɗan masaka 'yata."

Sai kamfanin ya fara zuba wani sinadarin sabulu a ruwan rini kafin a sako shi. Launi ya dushe, sai kumfa. Malam Isyaku ya ce mutanen nan sun tuba, ya sa rana.

Amma Shu'aibu ya san abin da na'urarsa ta nuna. Idan ta haska ruwan, rinin yana nan daram, sabulun lulluɓe shi kawai ya yi. Ya ja bakinsa, kada a fasa auren. Mata kuwa, da suka ga ja ya ɓace, suka koma wanki a ciki.

Wata yamma ya lura Sauda ta naɗe hannuwanta cikin mayafi.

"Hasken idona, nuna mini."

"Ƙaiƙayi ne kawai, Yayana. Zai warke kafin lalle."

Ta buɗe. Fatar ta tsattsage har tana ruwa. Shu'aibu ya fashe da kuka.

Washegari ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa wa jama'a komai. Kafin mako ya zagayo kamfanin ya sallame shi.

"Ka sani, ka yi shiru?" in ji Malam Isyaku da Shu'aibu ya je gaishe shi. "Tashi ka ba ni wuri."

Daga bayan ƙyaure Sauda ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ya makara, amma ya faɗa. Sauran 'yan masakar ko makarar ba su yi ba."

Dattijon ya koma cikin gida. Bai ɗaga ranar auren ba.

Ranar sa lalle, gwaggonta Ladidi ta kwaɓa, ta dubi hannuwan, ta ajiye ƙwaryar tana share hawaye. Ƙafa kaɗai aka ƙunsa. Haka aka kai ta gidan mijinta a Ɗorayi, ana Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Amin.

Ruwan nan har yau yana gangarowa. Tashi ka ɗebo shi a kwalba, ka dire a teburin hukuma, kada ka baro wurin sai an auna shi a gabanka.