Tauraro ko Walƙiya

Ranar da Auta ta fara shiga shagon, haushi ne ya kai ta. Tsohuwar kwamfutarta ta mutu ana tsaka da aiki, fankar ciki ta yi ta gurnani sannan ta yi ɗif. Ita kuwa zanen gine-gine ne sana'arta, ga masu gida suna ta kiran waya.

Shagon ɗan ƙarami ne, a ƙarshen layin masu gyaran waya, kwalaye jibge har rufi. Wani dogon saurayi ya sunkuya a kan buɗaɗɗiyar kwamfuta, da ɗan sukundireba a bakinsa. Injiniya ake ce masa a layin.

"Sabuwa nake so a haɗa mini," ta ce, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Ya ɗago ya cire sukundireban, ya yi murmushi. Sauran maganar da ta shirya tun daga gida ta bi iska.

Ya ɗauko ƙananan kwalaye biyu ya ajiye a kan gilashin kanta, ɗaya da hoton tauraro, ɗaya da hoton walƙiya.

"Daga nan ake farawa. Furosesa ke nan, ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfani biyu ne ke gasa a kai. Ta Tauraro ta fi sauri in aiki ɗaya kike yi, sai dai tana da zafi, ga shan wuta. Ta Walƙiya ta fi jure aiki da yawa lokaci guda. Amma ki sani, kowacce da irin faifan da take zama a kai. Gurbin wannan ba ya karɓar waccan. In kin zaɓa, kin zaɓa."

Bawan Allah bai san wadda yake gaya wa haka ba. Kaf gidansu an san Auta da ruwan ido. Yarinyar da za ta shiga kantin takalma tun safe ta fito da azahar hannu rabbana, ita ce yau aka ce in ta zaɓa ta zaɓa.

"To wacce ta fi?"

"Ya danganta da aikinki."

"Kai wacce za ka ɗauka?"

"Ai ba ni zan zauna a gabanta ba, Madam."

Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan ta juya bayan kwalin, kamar amsar na rubuce a can.

"Bari in yi tunani. Zan dawo gobe."

Ta dawo gobe. Ta dawo jibi. Ta ari laftof ɗin Yayarta tana lallaɓa aiki, ragowar lokacin kuwa a waya take ƙarar da shi, tana kallon masu gwada Tauraro da Walƙiya. Wannan ya rantse, wancan ya ƙaryata shi. In ta kwanta da Tauraro a ranta, sai ta farka da Walƙiya. Abinci ma a tsaye take cinsa.

Injiniya bai taɓa ƙosawa ba. Ya tanadar mata kujera a gefen kantar shagon, ya sa ta kawo zanenta ya gani. Ya daɗe yana kallon wani gida da ta zana, mai tagogi ta gabas, ya ce, "Wanda zai zauna a nan ba zai taɓa tashi da baƙin rai ba." Ba wanda ya taɓa yaba aikinta ta wannan fuskar. Har ta isa gida tana murmushi ita kaɗai.

Ranar da ba ta je ba, saƙo ya shigo:

"Madam Gobe, yau shagon ya yi shiru. Kwalayen nan biyu suna ta tambayarki."

Ta karanta, ta ajiye wayar, ta sake ɗauka. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta tura:

"Kwalaye ne kawai ke tambayata, Malam Ya-danganta?"

"Su ne masu ƙarfin hali. Mai shagon kunya ke damunsa."

Daga nan magana ta bar kan furosesa. Madam Gobe ta koma Gobena, kuma in ya faɗa sai ta ji har cikin ƙirjinta. Tana sonsa, wannan kam ba ta yi masa ruwan ido ba. Faɗa ne ba ta iya ba.

Da Injiniya ya zo gaishe da Abba, mahaifinta, a falo aka karɓe shi. Abba dillalin kayan gyaran mota ne, mutum mai magana ɗaya, wanda tun yana saurayi irin mota guda yake hawa. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi. Auta na laɓe bayan labule tana saurare.

"Kai ne mai kwamfutar da ta hana ɗiyata zama?" in ji Abba. "To gaya mini, tsakanin abubuwan nan biyu wanne ya fi?"

"Ranka ya daɗe, ya danganta da aikin mutum."

"Ni in aka tambaye ni taya, cewa nake wannan ce. Kai wanne ya fi?"

"Baba, in na ce ɗaya ta fi ko ta ina, na yi maka ƙarya."

Bayan ya tafi, Abba ya kaɗa kai ya dubi Umma.

"Yaron yana da ladabi, amma ban yarda ba. Ita ba ta iya zaɓe ba, shi ba ya zaɓa wa mutum. In aka haɗa su gida ɗaya, da yunwa za su kwana suna tambayar juna me za a dafa."

Umma ta yi dariya. Auta kuwa ɗaki ta shige ta sha kukanta.

Ana cikin haka Manaja ya shigo zancen. Ɗan aminin Abba ne, ma'aikacin banki, mutumin kirki wanda ba a taɓa ganinsa yana tunani sau biyu ba. Da ya ji labarin kwamfuta, dariya ya yi. Wata rana da yamma sai ga shi da ƙaton kwali a bayan mota. Kwamfuta ce haɗaɗɗiya, mai gilashi a gefe, fitilu na canza launi a ciki.

"Wace furosesa ce a ciki?" Auta ta tambaya.

"Oho. Cewa na yi a ba ni wadda ta fi tsada. Ki daina wahalar da kanki, Baby."

Abba ya ji daɗi ƙwarai. "Kin ga namiji," ya ce.

Auta ta rasa yadda za ta yi. Ta tura wa Injiniya:

"An saya mini kwamfuta. Manaja ne ya kawo."

So take Injiniya ya ce ta mayar. So take ya yi fushi, ya kira, ya ce wani abu. Ta zura wa wayar ido har amsa ta zo:

"Allah ya sa alheri. Allah ya sa ta yi miki aiki."

Shi ke nan. Babu Gobena, babu komai. Ta jefar da wayar a kan gado. Ashe ita kaɗai take haukanta, ta ce a ranta, ashe ciniki ne ya ƙare.

Ba a jima ba Abba ya kira ta.

"Auta, ni ba zan yi miki dole ba. Mahaifin Manaja ya yi mini magana, na ce ƙarshen mako zan ba shi amsa. Me kika ce?"

Sunan Injiniya ya zo har bakinta. Sai tsohon tsoron nan ya taso mata. In ta zaɓa da kanta abu ya ɓaci, wa za ta ɗora wa? In wani ya zaɓa mata, ko ba komai laifin ba nata ba ne.

"Duk yadda ka gani, Abba."

Ya kalle ta, sannan ya ce ta tashi ta je.

Kwamfutar Manaja ba ta da aibi ko ɗaya, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi. Zanen da tsohuwar ke kwashe wuni tana ja, wannan kafin shayi ya huce ta gama. Auta ta zauna a gabanta, ta tashi, ta leƙa taga, ta dawo, ta duba waya. Babu saƙo.

Manaja ya kira, muryarsa cike da fara'a.

"Baby, na kama mana gida. Na zaɓi fenti, na zaɓi labule, har kujeru. Ke dai ki shigo kawai. Daga yanzu ba za ki ƙara shan wahalar zaɓen komai ba, ni zan riƙa yi miki."

Abin da ta daɗe tana roƙo ke nan. Da farko har ta ji wani sanyi. Sai ta tuna ita ce mai zana wa mutane gidaje, tana tambayarsu ina suke son taga, ina suke son ƙofa, ga shi nata gidan ba wanda ya tambaye ta ko launin bango. Ta hango kanta da furfura a cikin ɗakin da ba ta zaɓi ko cokali ba. Tsoro ya kama ta, wanda ya fi na kullum.

Da safe ta mayar da kwamfutar cikin kwalinta, ta tari tasi, ta nufi ofishin Manaja. A hanya sau biyu tana buɗe baki za ta ce direba ya juya.

"Ta lalace ne?" Manaja ya tambaya.

"Lafiyarta ƙalau. Ka yi haƙuri, ba ka yi mini komai ba sai alheri. Amma akwai wanda nake so."

Fuskar Manaja ta canza.

"Da kin faɗa tun farko."

"Da na faɗa. Laifina ne."

Ya sauke numfashi. "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Daga nan shago ta wuce. Injiniya ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Kujerarta na nan, amma an ɗora mata kwalaye.

"Sannu da zuwa, Madam. Kwamfutar ce ta ba da matsala?"

"Na mayar da ita. Walƙiya nake so."

Ya tsaya da abin da yake yi. "Kin tabbata? Tauraro fa ta fi..."

"Na sani, na haddace. Aikina da yawa ne lokaci guda. In ma kuskure ne, nawa ne." Idonta ya ciko. "Kai kuma, na ce maka an saya mini, sai ka ce Allah ya sa alheri? Ko tambayata ba ka yi ba!"

"Na ɗauka kin zaɓa ne. Ni ba na tilasta wa mai saye."

"Au, ni mai saye ce?"

Ya sunkuyar da kai. "A'a. Na yi wauta. Tun ranar ban ƙara haɗa komai daidai ba. Ina sonki, Gobena, kuma da na faɗa da ƙarfi tun tuni."

Ya share saman kantar shagon, ya shimfiɗa sabon faifai, ya buɗe kwalin Walƙiya. Ya miƙa mata 'yar furosesar, ba ta kai tafin hannu ba.

"Ke za ki saka. Ki riƙe ta gefe. Kin ga ɗan alamar nan a kusurwa? Ki daidaita shi da na gurbin. Kar ki danna, in wurinta ne da kanta za ta zauna."

A hankali ta sauke ta cikin gurbin. Ta zauna lif. Auta ta ja ɗan ƙarfen da ke gefen gurbin ta rufe, ta share hawaye da bayan hannu.

"Saura Abba," ta ce.

"Mu je tare."

"A'a. Wannan ni kaɗai zan yi."

Ta same shi a falo yana sauraron rediyo, Umma na gefe tana ninke kaya. Ta durƙusa.

"Abba, Injiniya nake so."

Ya rage muryar rediyon. "Me kika ce?"

"Injiniya nake so in aura."

"Kin ga shagonsa kuwa? Kamar akurki. In kuka sha wahala fa?"

"Na sha da sanina, Abba."

"Mahaifin Manaja aminina ne tun kafin a haife ki. Da wane ido zan kalle shi?"

"Na je da kaina na ba Manaja haƙuri. In ka yarda, zan je in durƙusa wa Babansa ma."

Umma ta saki rigar da ke hannunta. Abba ya cire tabarau ya goge shi.

"Tun kina goye ban taɓa jin kin ce ga abin da kike so ba. Ranar da kika ce duk yadda na gani, ban yi barci ba. Tsorona kar in mutu in bar ki a hannun duk wanda ya riga buɗe baki." Ya mayar da tabaran. "Aminina ni zan same shi, zai ji zafi amma zai huce. Shi kuma mai ya-dangantar nan, ki ce ya turo manyansa."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Gida ya cika da 'yan uwa, Yaya na ta tsokanar amarya wai a duba ko ta canza ra'ayi. Auta dariya kawai take yi, tana zaune wuri ɗaya, abin da ba a saba gani ba.

Da za a tafi da ita, Abba ya kira ango gefe, ya kama hannunsa. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa ta karye ba, ranar sai da ta karye.

"Ga ta nan. Ba ni na zaɓa mata kai ba, ita ta zo da bakinta, ka riƙe wannan da daraja. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," in ji Injiniya.

Daga cikin mayafi Auta ta ce amin, da ƙarfi, har Umma ta jiyo daga ƙofa ta fashe da kuka.